Man miya da rage ƙiba: ina lissafin yake tsayawa?

A ƴan shekarun nan da wuya a yi doguwar hira a rumfar kasuwa, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, ba a taɓo maganar ƙiba ba. Da can, in an ce wance ta yi jiki, yabo ne, alama ce ta kwanciyar hankali da miji mai kula da gida. Har yau da sauran wannan tunani, amma wata magana ta shigo. Hajiya ta je awon tansiyo, ko gwiwa ta fara hana ta salla a tsaye, sai likita ya ce mata ta rage nauyi, ta rage mai. Ta dawo gida ta sa wa galan ɗin mai ido, bayan wata 2 ta hau sikeli ta tarar allura tana nan inda ta bar ta. Maƙwabciyarta kuma, ɗanta ya karanto mata a salula cewa mai ba shi da laifi ko kaɗan, tuwo da shinkafa da burodi su ne masu sa teɓa. To, ina gaskiyar take? Wannan shi ne abin da muka bincika wa masu karatunmu, kuma tun da da ƴan kasuwa muke magana, da lissafi za mu fara.

Abincin da muke ci yana ba jiki ƙarfi, ma'aunin wannan ƙarfi shi ake kira kalori. Jiki yana kashe kalori dare da rana, wajen numfashi, bugun zuciya, ɗumama jini, tafiya da aiki. Abin da ya shiga ya wuce abin da aka kashe, jiki ba ya zubar da shi, ajiye shi yake yi, kuma rumbun da yake ajiya a ciki shi ne kitse. In abin da ya shiga bai kai abin da aka kashe ba, sai jiki ya buɗe rumbu ya ɗebo. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin shago ya san wannan: shiga da fita. Macen da ke wuni zaune a shago ko gaban faranti tana kashe kimanin kalori 1.800 zuwa 2.000 a wuni, namiji kuma wajen 2.200 zuwa 2.500. Ɗan dako da mai tura kura da mai faskare nasu ya fi haka nesa.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan Amurka mai suna Wilbur Atwater ya auna ƙarfin da kowane irin abinci yake bayarwa, kuma lissafinsa ne ake bi har yau a jikin ledoji da gwangwanaye. Garam 1 na sitaci ko sukari da ke cikin abinci irin su hatsi, dawa, shinkafa, rogo, yana ba da kalori 4. Garam 1 na abin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai da wake, shi ma kalori 4. Garam 1 na mai ko kitse kuwa kalori 9 ne, fiye da ninki biyu. Daɗin daɗawa, tuwo da dafaffiyar shinkafa yawancin nauyinsu ruwa ne, shi kuwa mai babu ruwa a cikinsa. Shi ya sa babban cokali 1 na mai yake ɗauke da kalori wajen 120, lita 1 kuma ta haura 8.000, wato abin da zai riƙe waccan mai shagon kwana 4 cur. Mai kamar takardar jika goma yake a cikin tarin ƴan dala: ba ya cika aljihu, amma shi ne kuɗin.

Mutanen Maraɗi sun ga shaidar wannan da idonsu. A shekarar 2005, lokacin matsalar abinci, an yi wa dubban yara masu tamowa magani da wani kwaɓin gujiya da mai da madara da sukari mai suna Plumpy'Nut. Leda 1 garam 92 ce kacal, amma kalori 500 ke cikinta. An yi shi da mai ne da gangan, don ƙaramin ciki ya samu ƙarfi mai yawa a ƴar loma. Abin da ya tayar da yaro mai tamowa, shi ne kuma yake taruwa a jikin babba da ke zaune wuni guda a kan tabarma.

To ke nan mai ne mai laifi? A nan ne maganar ta fi yadda ake zato sarƙaƙiya, kuma masana sun daɗe suna ja-in-ja a kanta. Tambayar da suka yi ita ce: in mutum biyu suka rage kalori daidai wa daida, ɗaya ya rage daga mai, ɗayan daga tuwo da sukari, wa zai fi ramewa?

A shekarar 2009 wasu masana ƙarƙashin Frank Sacks na jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 811 masu ƙiba. An raba su gida 4, kowa an rage masa kalori, amma wasu kashi 20 cikin 100 na abincinsu ne mai, wasu kashi 40 cikin 100. Bayan wata 6, kowane gida ya rage kimanin kilo 6. Daga baya nauyi ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, a ƙarshen shekara 2 waɗanda suka jure har ƙarshe sun tashi da ragin kilo 4. Tsakanin masu mai da yawa da masu mai kaɗan ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Abin da ya bambanta mutane shi ne naci: waɗanda suka fi halartar zaman shawarwari su suka fi rage nauyi.

A 2018 an sake irin wannan a jami'ar Stanford, inda Christopher Gardner da abokan aikinsa suka bi mutum 609 tsawon wata 12. Rabi sun rage mai, rabi sun rage sitaci, kuma dukansu an ce su yawaita ganye, su guji sukari da kayan fulawa, su riƙa dafa abinci a gida. Masu rage mai sun sauke kilo 5,3, masu rage sitaci kilo 6. Bambancin bai kai kilo guda ba a shekara. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, a kowane ɓangare an samu wanda ya sauke kusan kilo 30, an kuma samu wanda ya ƙara kilo 10. Hanya ɗaya aka bi, amma ba a isa wuri ɗaya ba.

Akwai kuma wani ƙaramin gwaji na 2015 da Kevin Hall ya jagoranta a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Shi killace mutum 19 ya yi a ɗakin bincike, ana auna duk lomar da suka ci da duk iskar da suka shaƙa suka fitar. An rage musu kashi 30 cikin 100 na kalori har kwana 6, sau ɗaya daga sitaci, sau ɗaya daga mai. Da aka rage mai, kitsen jiki ya riƙa raguwa da garam 89 a wuni. Da aka rage sitaci, garam 53. Amma a kan sikeli, ragin sitaci ne ya fi nuna sauka. Dalili kuwa ruwa ne. Jiki yana ajiye ɗan sukari a hanta da tsoka, kowane garam yana riƙe da ruwa kamar garam 3, in aka daina tuwo sai wannan ajiya ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari. Wannan ne sirrin wadda za ta ce maka ta bar tuwo mako guda ta sauke kilo 2. Ta sauke ɗin, amma yawancinsa ruwa ne, kuma ranar da ta koma wa tuwo zai dawo. Shi kansa Hall ya yi gargaɗin cewa kwana 6 ba shekara ba ce, kuma in aka daɗe ratar takan tsuke.

Abin da muka fahimta daga duk wannan shi ne, in dai jimillar kalori ɗaya ce, yawan mai ko ƙarancinsa ba ya sauya sakamako sosai. Gaskiya ne jiki ya fi samun sauƙin ajiye mai, don wajen narkar da shi abin da yake kashewa bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, alhali na sitaci yakan kai kashi 5 zuwa 10, na nama da wake kuma kashi 20 zuwa 30. Amma wannan ɗan rangwame ne, ba ya juya lissafi. Wanda kuma yake zaton mai kaɗai ke sa ƙiba, ya dubi yankin Azawak a arewacin Tawa, inda wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta rubuta littafi a 2004 a kan al'adar ƙibantar da ƴan mata. Ba da soye-soye ake yi ba, da nono ne da hatsi.

To me ya sa likitoci ke ta ce mana mu rage mai? Domin a tukunyarmu nan ne kalori ya fi ɓuya, kuma nan ne ragi ya fi sauƙi ba tare da an kwana da yunwa ba. Mu ɗauki gidan da ke da mutum 8, ana zuba kwatar lita a miya ko a dafa-duka. Kalori 2.000 ke nan a tukunya kafin a sa shinkafa ko nama, kowane mutum 250 ya hau kansa. In aka raba man nan biyu, malmalar tuwo tana nan yadda take, cikin kowa zai cika, amma kowa ya tsira da 125. In ana haka rana da dare, 250 ke nan a wuni. Kilo 1 na kitsen jiki yana daidai da kalori wajen 7.700, wato kamar kilo guda a wata a farkon tafiya. Mun ce a farkon tafiya ne, domin jiki in ya ragu abin da yake kashewa ma raguwa yake, sai saukar ta riƙa yin sanyi. Uwargida kuma ta lissafa da kanta abin da kwatar lita a kowace rana take ci mata a wata.

Ga kuma suya. Dankalin turawa dafaffe, garam 100 bai kai kalori 90 ba. In aka yanka aka soya sai ya haura 300. Dafaffen ƙwai wajen 75 ne, amma wanda mai shayi ya soya da cokalin mai ya kusa 200, ba a zo maganar burodi da mayonez ba. Wake ɗaya ne ake yin alala da ƙosai da shi, bambancinsu kaskon mai. Ba muna cewa mata masu tuya su bar sana'a ba, a'a, da ita ake ciyar da yara ana biyan kuɗin makaranta. Amma mai tuyar ƙosai ko fanke ko awara ta san da kanta sau nawa hannunta ke zuwa baki tsakanin asuba da hantsi da sunan ɗanɗana.

Wannan ɗanɗane shi ne ramin da lissafin kalori ke faɗawa. A 1992 an yi wani bincike a birnin New York a kan wasu masu ƙiba da suka rantse suna cin abin da bai kai kalori 1.200 ba a wuni amma ba sa ramewa. Da aka auna da kyau, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100. Ba ƙarya suke yi ba, mantuwa ce da kuskuren ido. Mu kuma namu ya fi wuya, don a kwano ɗaya muke ci, mai kuma da ido ake zuba shi ba da cokali ba. Ƙaramin gwangwanin tumatir in aka cika shi da mai, kusan kalori 600 ne. Gujiya cikin tafin hannu, garam 30, wajen 170 ce, don rabin gujiya mai ne. Riɗi ma haka, aya kuma, wadda jihar Maraɗi ta yi suna wajen nomanta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata mai ne. Abinci ne masu amfani, ba mu kushe su ba, sai dai mai zaman shago yakan ci su kamar ba ci yake yi ba. Don mutum ya ƙone cokalin mai guda, sai ya yi tafiyar sauri ta kusan rabin awa.

Yanzu mu koma wa hajiyar nan da ta rage mai amma sikeli bai motsa ba. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne, miya ta yi salam, ciki bai natsu ba, sai a ƙara malmala, ko da la'asar a dama hura a zuba sukari, a sha lemon kwalba don zafin rana. Kwalbar lemo ta santilita 33 tana da kalori wajen 140, wato ta mayar da cokalin man da aka rage har da riba. Maza kuma ga shayi, na ɗaya da na biyu da na uku, kowane da sukarinsa, wani lokaci sau 2 a wuni. An toshe ƙofa an bar taga. Wani babban bincike da aka yi da mata 48.835 a Amurka, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna haka: an ce wa wasu su rage mai ba tare da an sa musu iyakar kalori ba, a shekarar farko suka sauke kilo 2,2, amma bayan shekara 7 da rabi ratarsu da sauran mata ba ta kai rabin kilo ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su yanke mai gaba ɗaya. Wannan ma kuskure ne, kuma yana da haɗari. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sai da mai. Kwaɗon zogala ko miyar alayyahu da babu ɗigon mai, wani kaso na amfaninsu wucewa yake yi. Man girkin da ke ɗauke da tambarin ENRICHI ma an ƙara masa bitamin A ne don kare ido da lafiyar yara da mata. Sannan matsarmama sai ta ji mai a hanji take matsewa ta zubar da ruwanta. Wanda ya rame da sauri ba ya cin mai, ruwan nan yakan kwanta ya zama tsakuwa, wata rana sai an kai ga aikin tiyata. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na kalorin da babba ke ci. Ga wadda ta tsayar wa kanta 1.500 a wuni, garam 50 ke nan, cokali 3 da rabi, amma har da kitsen nama da man da ke cikin gujiya da nono, ba na galan kaɗai ba.

Wajen nauyin jiki duk mai ɗaya ne: man gujiya, man ja, man auduga, man zaitun mai tsada da ake kawowa daga waje, kowane cokali wajen 120 ne. Wanda ya sayi man zaitun yana tuttulawa don ya rame, kuɗinsa kawai ya rame. Bambancinsu a jijiyoyin jini yake. Man shanu da kitsen dabba da man ja suna da yawan irin kitsen nan mai daskarewa da ke ɗaga kolestarol, man ja kusan rabinsa ne, shi kuwa man gujiya bai kai kashi 20 cikin 100 ba. OMS ta ce irin wannan kitse kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalori. A nan man gujiyarmu na gida, wanda mata ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli, ba shi da abin kunya gaban na kanti. Sai dai man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi yana hayaƙi, wannan ya lalace, a zubar ya fi.

Wani abin da ba za mu tsallake ba: tukunya ɗaya ce ke ciyar da hajiya mai son rage nauyi da jikanta ɗan shekara 2, kuma a ƙasarmu yaran da ke fama da ƙarancin abinci sun fi manyan da ke fama da ƙiba bukatar a kula. Yaro ƙarami yana bukatar mai fiye da babba. Dabarar da ta fi ita ce a rage mai a tukunya, in an zuba wa yara nasu a ƙara musu ƙaramin cokali a kwanonsu ko a kununsu. Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage nauyinsu ba ne. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura kada ya rage tuwo da kansa sai ya ga likita, don sukarin jini na iya faɗuwa ya kayar da shi a tsakiyar kasuwa. Waɗanda kuma ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba a hannun masu tallar magani, su sani wasu daga cikinsu, irin su dexamethasone, kumburi suke sawa, suna ɗaga tansiyo da sukari, suna kuma cin ƙashi.

Ga wanda yake son gwadawa, ba sai ya sayi littafin kalori ba. A ajiye cokali guda kusa da galan, a riƙa ƙidaya abin da ake zubawa har mako 1 ba tare da an sauya komai ba, don a san inda ake. Mako na biyu a rage kashi ɗaya cikin uku, a ƙara daddawa da albasa da ganye don miya ta riƙe ɗanɗanonta, a ƙara wake ko kifi ko ƙwai dafaffe don su ne ke riƙe ciki. Wanda ya san rauninsa a hura da shayi da lemo yake, ba a miya ba, ya fara ta can. Sikeli kuma sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin a karya, a kan sikeli guda, domin na yaron da ke yawo da shi a tasha da na likita ba kullum suke faɗin magana ɗaya ba. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Likitoci sun tabbatar cewa ragin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana sassauta tansiyo da sukarin jini da ciwon gwiwa. Ga mai kilo 90, kilo 4 da rabi zuwa 9 ke nan, aikin wata 3 zuwa 6.